Digiri Goma Sha Ɗaya a Gidan Douwe

14 ga Janairu

Zuwa ga matata Aukje,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya. Yaya jiki? Yaya hannun, ya fara jin magana? Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi kafaɗarki.

Likitarki ta ce tunda shanyewar ɓarin jikin ta taɓa harshenki, magana ta waya gajiyar da ke take yi, amma karatu zai taimake ki. To ga ni na zama marubuci ina da shekara saba'in da shida. Ki yi haƙuri da rubutun, birona ne ba shi da kyau.

Gida lafiya lau, kada ki sa komai a ranki. Maƙwabcinmu Sietse ya kawo mini miyar wake tukunya guda, wai matarsa ta ce kada ki dawo ki tarar da ƙashi da fata. Furanninki na kan taga ina ba su ruwa yadda kika saba, ran Litinin da ran Juma'a. Na kuma zama mai son karatu: kullum da safe nakan hau bas zuwa laburaren Dokkum, in zauna har su tashi. Na karanta jaridu huɗu jiya, duk ƙarya iri ɗaya.

'Yarki Renske ta bugo daga Utrecht. Tana cikin magana mijinta ya karɓe wayar, kin san Maarten ba ya iya jira. Wai ya duba a wayarsa, na'urar daidaita ɗumin nan da ya kafa mana a bango ta rage shan gas ƙwarai tun farkon wata. “Baba, ka fara neman soso da bokiti,” in ji shi, yana dariya. Kin tuna ranar bikin cikarmu shekara hamsin da aure, da ya ba mu ita a gaban baƙi? Ya ce kafin sanyi ya wuce za ta rage mana kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin gas. Ni kuma na ce hannunki a kan tsohon makunnin ya fi kowace na'ura lissafi, in ta rage ko yuro ɗaya ni zan wanke masa mota a bakin titi. Na ce ya mayar wa Renske wayar.

Zan zo ran Alhamis da bas ɗin ƙarfe tara. Zan kawo miki rigar sanyinki mai ruwan toka da burodin sukari, in sun yarda ki ci.

Ki gaida abokiyar ɗakinki. Ki yi gashin ƙashi da gaske, kada ki yi musu taurin kai.

Mijinki,
Douwe


28 ga Janairu

Aukje tawa,

Ina gaishe ki da kyau, ina yi miki sannu da jiki. Da fatan ƙafar tana ƙara ƙarfi.

Ranar Alhamis da na ga kin yi taku shida da sanda, sai da na juya na kalli taga. Kada ki gaya wa Renske.

Na ga yadda kika riƙe hannuna kika ɓata fuska, kika ja wuyan rigata kina ƙirga rigunan da ke ciki. Uku ne, na sani. Bas ɗin ne ba shi da ɗumi, kuma daga tasha zuwa wurinku iska ce kawai. Tarin ma ba wani abu ba ne, kowa a ƙauyen yana yi.

Na koma zama a kicin. Mutum ɗaya me zai yi da falo? Na ɗauko ƙaramar hitar nan ta rumfar baya na ajiye kusa da tebur, na jawo kujerarki mai hannu, nan nake ci, nan nake jin rediyo. Furanninki biyu sun ɗan yi laushi, ina jin kewarki suke yi.

Maarten ya aiko mini da takarda ta gidan waya, ya san ba ni da irin wayarku ta shafawa. Zane ne na layi yana gangarowa ƙasa, ya ja masa da'ira da jan biro, ya rubuta “Sannu da ƙoƙari, Baba.” Shekara arba'in da ɗaya na yi ina gyaran injinan da ke kwashe ruwa daga ƙasar nan, da ba don irina ba da gidan ubansa yana ƙarƙashin teku. Yau shi ne mai yi mini sannu da ƙoƙari. Na sa takardar a ƙarƙashin ƙafar tebur, dama yana girgiɗi.

Ga labari mai daɗi. Asibiti sun ce ran goma ga wata mai zuwa wata ma'aikaciyarsu za ta zo duba gida, ta ga ko ya dace ki dawo. In ta sa hannu, ƙarshen Fabrairu kina gida. Ni da Sietse za mu sauko da gadonki ɗakin gaba na ƙasa, don kada ki sha wahalar bene, na kuma sayo ƙarfen riƙewa na banɗaki. Akwai ɗan abin da ya rage in gyara kafin ta zo, ƙaramin abu ne, ba sai na cika ki da shi ba.

Ki huta lafiya. Ina ƙirga kwanaki.

Naki,
Douwe


11 ga Fabrairu

Aukje,

Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki. Ban san ko sun riga sun gaya miki ba. Gara ki ji daga wurina.

Matar ba ta sa hannu ba.

Wasiƙu biyu na rubuta miki, duk da ƙarya a ciki. Birona lafiyarsa ƙalau, da safar hannu nake rubutu. Tun ranar da motar asibiti ta ɗauke ki, gidan nan bai sake yin ɗumi ba. Da na dawo daga raka ki na taɓa ƙarafunan ɗumin bango, na ji su kamar ƙanƙara. Na'urar tana nuna digiri goma sha ɗaya, nan ta tsaya sati biyar. Laburare ba karatu ke kai ni ba, ɗumi ne.

Za ki ce me ya hana ni murɗa ta. In na taɓa sai ta nemi lambar sirri. Ke ma akwai abin da ba ki sani ba. A watan Oktoba, duk lokacin da kika fita kasuwa ko taron mata na coci, nakan ƙara ta zuwa ashirin da huɗu in buɗe tagar sama, don kawai lissafin Maarten ya lalace. Ya gani a wayarsa. Bai ce mini komai ba, sai da suka zo ziyara ya tsaya gabanta ya danna 'yan lambobi, ya ce, “Na kulle ta, Baba, kada yara su yi wasa da ita.” Babu yaro a gidan nan, Aukje. Tun ranar ban sake taɓa ta ba, kuma da yake kina gida, ɗumi na zuwa da kansa.

To ki gaya mini, da wane baki zan kira shi in ce, Maarten, ina jin sanyi, taimake ni da lamba? Sau biyu na ɗaga wayar, sau biyu na ajiye.

Da ranar zuwan matar ta matso, na ce ai ni makanike ne. Tsofaffin tukwanen ɗumama gida, wayoyi biyu kawai za ka haɗa su kama. Ran Asabar na hau sama da filaya da sukudireba, na buɗe tukunyar, na haɗa wayoyin da na ga sun yi kama da waɗanda na sani. Sai ƙara ɗaya, da warin ƙuna, fitilarta ta mutu. Daga nan ko ruwan zafi babu. Mai gyara ya ce ba shi da sarari sai bayan kwana huɗu.

Jiya da safe ta zo. Mace ce mai kirki, ba zan ɗora mata laifi ba. Ba ta cire kwat ɗinta ba. Ta ciro ma'auni daga jaka, ya nuna takwas. Ta ga hitar da barguna a kicin, ta buɗe famfo ta sa hannu ta jira, ta rufe. A ɗakin gaba ta ce in taya ta matsar da kabad. Bayansa bangon ya yi baƙi da funfuna tun daga ƙasa har kusan ƙuguna. Wallahi ban san da shi ba.

Ta ce, “Malam, tun yaushe kake zaune a haka?”

Na ce kwana biyu ne. Ta kalli bangon, ta kalle ni, ta ce funfuna ba ya yin haka a kwana biyu. Sai tari ya kama ni a gabanta, ya ƙi tsayawa. Ta ba ni kujera a gidana.

Kafin ta tafi ta ce ba gidan kaɗai take dubawa ba, har da wanda zai kula da ke. Ta ce dole ta kira 'yarmu.

Furanninki duk sun mutu, guda bakwai ɗin. Na ajiye tukwanen.

Ki yafe mini. Ba zan iya zuwa Alhamis ɗin nan ba, likita ya ce kada in kai miki tarin.

Douwe


18 ga Fabrairu

Matata Aukje,

Bayan gaisuwa da fatan kina samun sauƙi. Ni ma tarin ya ɗan lafa, ina shan magani.

Renske da Maarten sun zo ran Laraba, ranar da mai gyara ya zo. Renske ta shigo ko gaisuwa babu, ta tafi ɗakin gaba ta tsaya gaban bangon, ta fashe da kuka. Daga nan ta juyo kaina. “Baba, sau nawa na bugo? Sau nawa na ce yaya gida? Me ka ce mini?” Muryarki gare ta in ta yi fushi.

Mai gyaran ne ya gano abin, ba surukinki masani ba. Ya tambayi Maarten wayoyin hannun wa aka haɗa da na'urar. Ashe da wayarki take aiki. In wayarki tana gida, ta san da mutum, ta kunna ɗumi. In wayar ta fita, gida babu kowa ke nan, ta sauke shi zuwa goma sha ɗaya. Wayarki tana cikin jakarki a asibiti tun uku ga Janairu. Ni da na kwana na tashi a gidan nan shekara arba'in da takwas, ba a lissafa ni ba, don wayata mai maɓalli ce. Minti ɗaya ya ɗauka ya canza abin.

Na tambaye shi a gabansu, na ce, “Ɗana, gaya mini gaskiya, abin nan yana rage kuɗi?” Ya ce ga masu fita aiki tun safe su bar gida ba kowa, yana ragewa daidai gwargwado, shi ma yana da shi. “Amma ku da kuke wuni a gida, Baba, me zai rage? Sai dai ya rage ku.” Shi kaɗai ya yi dariya.

Da ya tafi na ce wa Maarten ya ba ni wayarsa in gani. Ya yi jinkiri, Renske ta fizge ta miƙo mini. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, Aukje. Ba layin gas kaɗai take nunawa ba. A saman layin, da manyan lambobi, akwai ɗumin gidan. Goma sha ɗaya, goma sha ɗaya, goma sha ɗaya, kwana talatin da wani abu. Mutumin da ya zauna ya buga zanen nan, ya ja masa da'ira, ya nemi ambulan da kan sarki, zai ce bai ga lambar ba?

Ya ce ya gani. Ya ce ya ɗauka ni na so haka. “Baba, kowa ya san ka da tsimi. Na ce ƙila kana wuni a asibiti, ko kana gidan Sietse.”

Na ce, “Ni na so haka, da wace lambar? Ba kai ka kulle ba?”

Ya ce, “Da ka tambaya ai da na ba ka.”

Na ce abin da yake jira ke nan. Kunnuwansa suka yi ja. Renske ta kalle shi wani irin kallo, ta ce ya je ya jira ta a mota. Ban ji daɗin hakan kamar yadda na zata ba.

Renske ta ce na'urar ta rage kashi arba'in cikin ɗari, ta wuce abin da Maarten ya yi alkawari. Gyaran tukunyar kawai ya cinye wannan har da ƙari, ba a ma zo kan bango ba. Ban san wa ya ci wa ba, kuma babu wanda ya sake ambaton mota.

Ga abin da ya sa na rubuto. Renske ta zauna ta riƙe hannuna ta ce akwai ɗaki da ya samu dominki a wani gidan kula da tsofaffi a Leeuwarden, mai kyau ne, da ma'aikatan jinya dare da rana. Wai na ɗan lokaci. Na san irin ɗan lokacin nan, mun raka mutane da yawa. Na ce ba da ni ba. Gidan yanzu yana ashirin da ɗaya, bango za a kankare a yi masa fenti cikin sati biyu, matar asibitin nan ta ce tana iya dawowa ta sake dubawa.

Ran ashirin da shida za a zauna da likita, kuma sun ce maganarki ce ta ƙarshe, tunda hankalinki garau yake. Kalma ɗaya ce, Aukje. Gida. Kin iya faɗinta, na ji ki kina faɗi. Kada ki bari su yi miki magana da sauri su ruɗa ki. Ki kalle ni kawai ki faɗa.

Ina jiran ranar. Ki gaida masu kula da ke.

Mijinki,
Douwe


4 ga Maris

Aukje,

Gaisuwa. Da fatan kin kwana lafiya, kuma kin fara sabawa da sabon ɗakin.

Sati guda na yi ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Na shiga zaman nan a shirye. Na yi aski, na sa rigar coci, na zo da hotunan bangon da aka gyara da takardar mai gyara. Na shirya amsar da zan ba Renske, da wadda zan ba likita. Ke ce kawai ban shirya wa ba.

Da likita ta tambaye ki ina kike so ki je, kin kalle ni kamar yadda na roƙa. Kika ce, “Leeuwarden.” Kalma mai wuya haka, kika fitar da ita tsaf. Kin daɗe kina koyonta, ko ba haka ba?

Na ce an tsara ki ne. Kika ɗaga hannun hagu, kowa ya yi shiru. Ban san minti nawa kika ɗauka ba, amma babu wanda ya taya ki, kuma ba zan manta ko kalma ɗaya ba.

“Kai. Sanyi. Ba ka kira ba.” Kika huta. “Ni. Na faɗi. Za ka kira?”

Na ce haba, ai wannan daban. Kika girgiza kai. Kika ce, “Za ka ɗaga. Da kanka. Mu faɗi. Biyu.”

Na fita ban yi miki sallama ba. Na san kin ga haka.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji haushinki, har yanzu ma ban gama ji ba. Shekara hamsin ban taɓa barin ki da yunwa ko tsoro ba. Lokacin da aka yi miki aikin ciki ni na yi wanki, ni na yi girki, ban kira kowa ba. Sai na tsaya a nan, na sake karanta abin da na rubuta. Ban kira kowa ba. Ina alfahari da shi ma. To na gane, ba sai kin sake wahalar da bakinki ba. Amma ganewa ba ta sa abin ya yi sauƙi.

Maarten ya bugo sau uku. Na uku na ɗaga. Ya ce ya yi kuskure, ya kamata ya kira ni tun satin farko. Na ce haka ne. Ya jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba. Ban yafe masa ba, kada ki roƙe ni. Renske ta ce kwana biyar ba ta yi masa magana ba. Wannan ma ba abin da na nema ba ne. Ki ce mata ta bari, ke za ta fi ji.

Sietse ya taya ni mayar da gadonki sama. Bai yi mini tambaya ko ɗaya ba, sai da zai fita ya ce, “Douwe, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ni ma ka raina ni.” Bai shigo shan kofi ba tun ranar.

Shekaranjiya na je Leeuwarden, ban hau wurinki ba. Ofis na tsaya. Renske ta ce suna da ɗakuna huɗu na ma'aurata, amma ba a rubuta sunan mutum sai in shi ma yana bukatar kulawa. Matar ofishin ta ɗauko takarda ta ce, “Malam, akwai abin da ya gagare ka yi a gida?”

Na buɗe baki zan ce babu. Har na fara.

Sai na ce mata ba na iya hawa bene sai na huta a tsakiya. Na ce idona na hagu ba ya ganin lambar bas, tambayar mutane nake yi. Na ce sau biyu na manta murhu a kunne. Na ce a watan Nuwamba na zame a banɗaki, na yi kusan rabin awa a ƙasa, kina kicin kina jin rediyo, na ce miki wanka na daɗe ina yi. Ta rubuta duka, ba ta ɗago kai ba.

Ta ce layin yana da tsawo. Shekara biyu, ƙila fiye. Sai wani ya mutu ake samun ɗaki, ba ta faɗa haka ba, amma na iya lissafi.

Sun ce ɗakinki kujera ɗaya zai ɗauka da ƙaramin kabad. Ki nuna wa Renske wadda kike so, mai hannun ko ta bakin taga. Ran Alhamis zan zo da bas ɗin ƙarfe goma, wannan karon zan hau. In na zauna ban yi magana ba, ki ƙyale ni.

Ki ci abinci, ki yi gashi, ki sha magani a kan lokaci. Kin sa na tona kaina a gaban baƙuwa don ɗakin da sai nan da shekara biyu. Kada ki kuskura ki bar ni in shige shi ni kaɗai.

Mijinki,
Douwe